Kwamiti a Ajin Malama Sakinatu

A shekarar da gero ya ƙone a tsaye, wadda kuma sojoji suka dawo kan mulki, Malama Sakinatu tana koyarwa a firamaren Kukar Ɗanbaba, wani ƙauye da ke gabas da Bici. Gonakin wajen a manne suke da juna, gida na kallon gida, amma a wannan kaka kowa ya shiga gonarsa ya fito da kara kawai. Mijinta Basiru ya ɗaure dami bakwai a inda ya saba ɗaure sittin. Kafin bazara ta kama, rumbu ya kwanta. Mutum tara ne a gidan, har da yaransu da uwar mijinta da ƙannensa biyu, kuma duk abin da ake ɗorawa a murhu daga albashinta yake fitowa.

Ba wani dogon karatu ta yi ba. Ta gama firamare ne daidai lokacin da gwamnati ta buɗe makaranta a kowane ƙauye, ana neman malamai ido rufe. Aka kwashe su aka yi musu kwas na 'yan watanni, aka miƙa wa kowa alli. Shekararta bakwai a aji biyu tana koyar da Hausa da lissafi da tsafta, kuma yara suna son ta. Turancinta kuwa bai wuce na gaisuwa da ɗan littafin ajinta ba.

Sai labari ya fara yawo cewa an kafa kwamitin tantance malamai. Ba sa aiko da takarda. Mota ce kawai za ta tsaya a bakin makaranta, mutum biyu su fito da soja ɗaya, su zauna a bayan aji su ce wa malami, bismilla. Aka ce a wata makaranta malamai shida aka sallama rana ɗaya. Aka ce wani hedimasta ya makara, sojan ya sa shi tsallen kwaɗo a gaban ɗalibansa. Babu wanda ya gani da idonsa, amma kowa yana da ɗan'uwan da ya gani.

Ranar wata Litinin aka wayi gari Malam Sama'ilu, malamin Turancin aji shida, ba ya nan. Ya kulle ɗakinsa ya bar garin. Daga baya aka ji ashe takardar shaidar da ya kama aiki da ita ta yayansa ce.

Hedimasta Malam Muntaka ya kira Sakinatu ofis. Dattijo ne mai sanyin hali.

"Malama, daga gobe ke ce da Turancin aji shida."

"Ni, ranka ya daɗe? Ai ka san ban iya ba."

"Na sani. To wa ya iya? Ke kaɗai ce kike karanta littafi ba ki tsaya kina haɗa baƙi ba. In suka zo suka tarar da ajin babu malami, ni za su fara kora." Ya buɗe littafin tsarin darasi ya turo mata. "Ga inda ya tsaya. Nan gaba kaɗan aikatau ne, yadda yake sauyawa da lokaci. Abin da ke rubuce a nan shi za su ce ki koyar."

Ta dubi shafin. Kalmomin suka yi mata kamar tururuwa a faranti.

A gida ta kasa cin tuwon rana. Basiru yana gyaran ƙotar fartanya a tsakar gida, ya dube ta sau biyu kafin ya yi magana.

"Lafiya dai?"

Ta gaya masa komai. Ya ci gaba da murza ƙotar. Ba sai sun faɗa ba, su biyun sun san abin da takardar sallama take nufi a gidan nan. Maƙwabcinsu ya riga ya cire kwanon ɗakinsa ya sayar, ya kwashi iyalinsa sun tafi Bacirawa, a birnin Kano, neman aikin leburanci.

"Ki je wajen Baba Kashim," in ji shi a ƙarshe. "In akwai mai Turanci a ƙasar nan, shi ne."

Baba Kashim tsohon malamin makaranta ne, aminin marigayi mahaifinta. Kakanninsa daga Barno suka zo da fataucin kanwa, suka zauna. Yanzu idonsa ya yi rauni, ba ya ganin rubutun littafi, sai dai manyan baƙaƙe. Ta same shi bayan la'asar a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Sakina, 'yar Malam," ya ce, "ba ke ce kike zama a bakin zaure kina jin mahaifinki yana biya wa manya nahawu ba?"

"Ni ce, Baba."

"To fi'ili, wato aikatau, iri nawa ne?"

"Uku. Na abin da ya wuce, da na abin da ake ciki ko mai zuwa, da na umarni."

"Ashe kin san rabi. Turawa ma mutane ne, su ma suna da jiya da yau da gobe. Samo kara, ki share ƙasa."

Ta share rairayi da tafin hannu. Ya ce ta rubuta plant da manyan baƙaƙe, ya ce ma'anarsa shuka. Ya ce wannan shi ne gangar jiki, sauran duk wutsiya ce ake ɗaura masa. In jiya aka yi, a ɗaura ed, ya zama planted. In ana cikin yi, a ɗaura ing, a sa am ko is ko are a gaba. In gobe ne, ba wutsiya, sai a sa will ya yi masa jagora. In umarni za a ba mutum, a bar shi tsirararsa: Plant! In kuwa mutum ɗaya ake ba da labarinsa, shi ko ita, kuma abin da ya saba yi ne, sai a liƙa s: he plants.

"Akwai waɗanda ba sa bin wannan ƙa'ida," ya ce, "amma ba su ne a gabanki ba. Ki riƙe masu biyayya tukuna."

Kullum bayan la'asar tana can. Da safe kuma sai ta juye wa 'yan aji shida abin da ta koyo jiya, tana roƙon Allah kada wani ya tambaye ta abin da ba a kai ba. Ta koyi cewa stop yana ninka harafinsa na ƙarshe kafin ya karɓi wutsiya, carry kuma y ɗinsa ke komawa i. Baba Kashim ya sa ta maimaita walked har sau ashirin, don tana cewa "wokedi".

"Ba haka ba. Wokt. A taƙaice, kamar kin tsinke zare. Planted ne ake jin wutsiyarsa sosai."

Ya koya mata has planted, na aikin da aka gama amma sawunsa yana nan. Ya koya mata would, na abin da ake fata bai samu ba. If it rained, we would plant. Da za a yi ruwa, da mun yi shuka. Da ta fassara wannan, sai su biyun suka ɗaga kai suka dubi sama. Fara fat take, ko ɗigon gajimare babu.

Inda ta fi tuntuɓe shi ne wajen tambaya da korewa. Sau uku tana rubuta did you planted, sau uku yana sa sandarsa yana goge ed ɗin.

"Saurara da kyau. Did ya riga ya ɗauki jiya a kansa. In ya shigo, fi'ili ya sauke wutsiya. Ba a ɗora kaya ɗaya a kan mutum biyu. Did you plant. I did not plant. Ko wa ya ce miki ba haka ba ne, ya yi kuskure."

Kwana goma sha ɗaya aka yi haka. A cikin kwanakin nan ko ƙarar babur ta ji daga titi sai ta leƙa ta taga. Ta rame. Tana daka tana cewa pound, pounded, pounding, har uwar mijinta ta tambayi Basiru ko a nemo mata rubutu ta sha.

Ranar Juma'a da hantsi, tana tsaye a gaban allo, sai yaran da ke kusa da taga suka miƙe gaba ɗaya. Wata farar mota mai tsawo ta tsaya a gindin kuka. Ta ce wa yara su zauna, amma ita kanta ba ta ji muryarta ba.

Sun fara da aji huɗu. Ta bango ana jiyo tsawa, sannan shiru. Suka shiga aji biyar. Sannan aka ji takun takalma a baranda.

Malam Muntaka ne ya fara shigowa, hularsa a karkace. A bayansa shugaban kwamitin, Alhaji Badaru, ƙaƙƙarfan mutum cikin farar shadda, da jan biro a hannu. Sai wani siririn mutum mai tabarau da ake ce masa Malam Hadi, wanda ya sunkuyar da kai ya yi sallama a hankali. Sojan da ke tare da su bai shigo ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya tare haske, bulala tana lilo a hannunsa.

Yara suka miƙe suka yi gaisuwa da Turanci. Alhaji Badaru bai amsa ba. Ya karɓi littafin tsarin darasi ya duba, ya zauna a bencin baya.

"Bismilla. Minti goma."

Allin farko da ta ɗora a allo ya karye. Ta sunkuya ta ɗauki guntun. Ta ce a ranta, Ya Allah, ka san mutum tara ne. Ta rubuta plant. Hankalinta ya ɗan kwanta da ta ga kalmar a tsaye, irin yadda ta saba ganinta a rairayi. Ta ja layi uku, jiya da yau da gobe. Ta tambayi yara, suka amsa. Wata yarinya mai suna Kulu ta ce "My father planted millet," ta fitar da wutsiyar tsaf. Sakinatu ta wuce zuwa umarni, ta ce "Open the book," yara suka buɗe, ta ce "Close the book," suka rufe. Ta soma jin numfashinta yana dawowa.

"Ya isa," in ji Alhaji Badaru. "Wannan ko aku zai haddace. Mayar mini da jimlar yarinyar nan tambaya."

Ta juya ta rubuta: Did my father plant millet?

Ta ji benci ya yi ƙara. Ya taso, takunsa ɗaya bayan ɗaya, har ya tsaya kusa da ita. Tana jin ƙanshin turarensa. Ya miƙa hannu, ta ba shi allin.

"Jiya aka yi shukar ko yau?"

"Jiya, ranka ya daɗe."

"To ina alamar jiya? Kin koya wa yara da bakinki, kin manta da hannunki." Ya sa alli ya liƙa ed a bayan plant, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Ya juya ga Malam Muntaka. "Ka ga irin malaman da kuka tara? Su ne suka kashe ilimi a ƙasar nan."

Malam Muntaka ya dubi ƙasa.

"Karanta wa yara daidai," in ji Alhaji Badaru. "Su maimaita."

Sakinatu ta dubi allon. Did my father planted millet. Da farko ta ɗauka ita ce ta ruɗe. Babban mutum ne daga birni, da mota da soja, ita kuwa kwana goma sha ɗaya ta yi a kan rairayi wajen tsohon da ba ya gani sosai. Wataƙila Baba Kashim ya manta. Wataƙila an sauya ƙa'idar tun bayan da ya bar aiki. Sai ta yi tunanin ko gwada ta yake yi. Ta saci kallon fuskarsa. Babu alamar gwaji a ciki. Fuskar mutumin da ya tabbata da abin da ya rubuta ce.

In ta karanta, ta karanta kuskure a gaban mai tabarau, wanda bai daina rubutu a littafinsa ba tun da suka shigo. In ta ƙi, ta ƙaryata shugaban kwamiti a gaban yara arba'in da soja. Ta ko'ina takardar sallama take hangowa. Gumi ya gangaro mata ta ƙarƙashin ɗankwali. Sojan ya gyara tsayuwa, takalminsa ya goge siminti.

"Ba ki ji ba ne?"

Yaran duk ita suke kallo. Jiya-jiya ta sa su rera did you plant, did you walk, did you carry har aka tashi. Kulu ta buɗe baki kamar za ta yi magana, ta rufe.

Sakinatu ta durƙusa har ƙasa, kamar mai gaida suruki.

"Ranka ya daɗe, ka yi mini afuwa. Ni ƙaramar malama ce, ban kai in yi magana a gabanka ba. Amma yadda aka koya mini, in did ya shigo, shi ke ɗauke da jiya. Aikatau ba ya karɓar ed kuma."

Ajin ya yi tsit, har ana jin kukan akuya daga cikin gari.

"Ni kike gyara wa Turanci?"

"A'a, ranka ya daɗe. Wallahi a'a."

"To tashi ki karanta abin da na rubuta."

Ta miƙe da ƙyar, ta dafa bango. Ta buɗe baki don ta karanta yadda yake so, ta riga ta yanke shawarar haka, amma abin da ya fito shi ne abin da harshenta ya saba.

"Did my father plant millet."

Yara arba'in suka amsa da murya ɗaya: "Did my father plant millet!"

Jijiyar wuyan Alhaji Badaru ta tashi. Sojan ya sa ƙafa ɗaya cikin aji. Wani yaro a gaba ya fashe da kuka. Sakinatu ta runtse ido tana jiran saukar bulala.

Sai aka ji an yi gyaran murya daga baya. Malam Hadi ne. Ya rufe littafinsa, ya taso yana ɗan murmushi.

"Alhaji, tarkon nan naka ya kama mutane da yawa, amma yau bai kama ba." Ya ɗauki tsumman goge allo ya share ed ɗin kamar ba komai ba. "Malama, kada ki tsorata. Haka Alhaji yake yi, ya sa kuskure da gangan ya ga ko malami zai tsaya a kan abin da ya sani."

Alhaji Badaru ya dubi allon, ya dubi Malam Hadi. Sakinatu ta ga lokacin da abin ya faɗo masa, ta ga yadda kunya ta hau fuskarsa ta koma fushi. Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba.

"Haka ne," ya ce. Ya jefar da allin. "Yaya sunanki?"

"Sakinatu Muhammadu Sani."

Ya rubuta da jan biro, a hankali, yana kallon ta. Suka fita.

Da motar ta tashi, Malam Muntaka ya dawo ajin ya same ta zaune a kan bencin yara.

"Malama, me ya kai ki? Da kin karanta masa abinsa mana."

"Na yi niyya, ranka ya daɗe. Bakina ne ya ƙi."

Mako uku aka yi ana jira. Ba ta taɓa ganin kwanaki masu tsawo irin waɗannan ba. Duk wanda ya ji labarin sai ya kama baki, ya ce Allah ya kyauta. Matan gari suka riƙa shigowa suna yi mata jaje tun ba a kore ta ba. Baba Kashim kaɗai ya yi dariya har da buga sanda, amma da ya gama sai ya ce zai sa ta a addu'a. Basiru bai taɓa ce mata ta yi laifi ba. Sai dai ta gan shi wata safiya yana duba haƙoran tunkiyarsu ta ƙarshe, irin duban mai shirin kai wa kasuwa.

Ranar da masinja ya zo a kan keke da ambulan, aka tara malamai tara a ofis. Malam Muntaka ya karanta sunayen waɗanda aka sallama. Mutum huɗu ne. Malam Nababa na aji huɗu, wanda ya shekara ashirin da alli a hannu, ya zame ya zauna a ƙasa, ya cire hularsa yana juya ta. Sakinatu tana jira ta ji na biyar, amma hedimasta ya ninke takardar.

Sai ya zaro wata ƙarama ya miƙa mata, bai dube ta ba. An bar ta a aiki. Amma an yi mata gargaɗi a kan rashin ladabi ga na gaba, kuma an mayar da ita wata makaranta can bayan Minjibir, ta kama aiki cikin kwana bakwai.

Ta karanta wa Basiru a tsakar gida. Ya tambayi sunan garin sau biyu, don bai taɓa jin sa ba.

"Amma aikin yana nan?"

"Yana nan."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya shafa fuska. "To Alhamdulillahi. Inna za ta riƙe yara. Ni zan kai ki."

Ranar Asabar suka hau motar kasuwa zuwa Kano, daga can suka sami ta Minjibir, sauran tafiyar kuma a ƙafa, shi ɗauke da akwati da tabarma, ita da goyo. Mai unguwar garin ya ba ta ɗaki a gidan wata tsohuwa. Makarantar aji biyu ce, iska ta kwashe rufin ɗaya. Hedimastan, wani saurayi mai tari, ya yi murna da ganin ta kamar an aiko masa da ruwa. Ya ce ɗalibai goma sha ɗaya suka rage, sauran sun bi iyayensu ci-rani.

Basiru ya juya tun kafin azahar don kada mota ta wuce shi. Ta raka shi har bakin gonaki, ta tsaya tana kallo har ya shige tsakanin itatuwan gawo. Sannan ta gyara goyonta ta koma, don tsohuwar ta ce rijiyar garin tana da nisa, gara su tafi tun da sauran masu ɗiba a wajen.